Abin da ke sa bidiyon biki ya ƙi buɗewa idan aka kai shi wata kwamfutar

Duk mai tace bidiyo a Kano, daga masu aikin Kannywood a Titin Gidan Zoo zuwa masu haɗa bidiyon biki a unguwanni, ya san wannan matsalar. Mai ɗaukar hoto ya kwana uku yana bin kamu da ɗaurin aure da kai amarya, ya juye komai a faifan ajiya ta kwamfutar Mac, ya kawo wa edita mai amfani da Windows. Ana jona faifan, ko dai ya ƙi fitowa sam, ko kwamfutar ta tambaya ko a yi masa fomat.

Wanda ya amsa da "eh" cikin gaggawa ya goge bikin mutane, kuma ba za a sake ɗaura auren don a sake ɗauka ba.

Galibi lafiyar faifan ƙalau. Matsalar ita ce kowace kwamfuta da tsarin da take jera fayiloli a kansa. Windows na amfani da NTFS. Mac kuma tun 2017 ta koma APFS, wanda Windows ba ta karanta shi sai an sa mata wata manhaja. Idan aka juya, Mac na iya buɗe faifan NTFS ta kwafi abin da ke ciki, amma ba za ta rubuta komai a kansa ba. Shi ya sa edita kan gama aiki tsaf, ya rasa yadda zai mayar da shi kan faifan mai shi.

Tsohon tsarin FAT32, da ke kan filash da yawa, kowa na karanta shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa kan cika wannan kafin minti 6.

Mafitar da aka fi bi ita ce exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Windows da Mac duk suna karanta shi suna rubutu a kai, Linux ma ta karɓe shi kai tsaye daga 2019. Amma yana da rauni da ya fi shafar masu aiki a ƙasar da ake yawan ɗauke wuta: ba ya ajiye bayanin aikin da yake cikin yi kamar yadda NTFS ke yi. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar kwafi, ko yaron shago ya fizge waya, babban fayil guda na iya lalacewa, wani lokaci har faifan ya ƙi buɗewa. Don haka exFAT ya fi dacewa da jigila, ainihin aikin kuma ya zauna a wani faifan dabam, kada a goge memorin kyamara sai an ga kwafi biyu sun buɗe.

Ko faifan ya buɗe, da sauran rina a kaba. Sunan MP4 ko MOV mazubi ne kawai, abin da ke ciki shi ne magana. Wayoyin iPhone tun 2017 suna ɗauka da HEVC, kuma kwamfutocin Windows da dama kan ba da sauti babu hoto sai an ƙara musu abin karanta shi. VLC kan buɗe irin wannan, HandBrake kuma kan mayar da shi H.264, duka kyauta ne. Bidiyon da 'yan uwan amarya ke turowa ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, sai dai idan a matsayin fayil aka turo.

Sai manhajar tacewar. Final Cut Pro ba ta aiki a Windows, don haka aikin da aka fara a cikinta sai an fitar da shi ta XML, kuma wasu ƙawace-ƙawacen kan zube a hanya. Premiere Pro da DaVinci Resolve suna aiki a ɓangarorin biyu, amma sukan nemi a sake nuna musu inda fayiloli suke, domin Windows na kiran faifai da harafi kamar D ko E, Mac kuma da suna. Editan da ya tara komai a jaka ɗaya, bai sauya sunan ko fayil guda ba, cikin 'yan mintuna yake gama wannan.