Kafin ka sayi tabarau da na'urar hoto don ɗan jirginka

Tun da hotunan yaƙin Rasha da Yukiren suka fara yawo a wayoyinmu a 2022, mutane suka san wannan tabarau da soja ke rufe idonsa da shi yana tuƙa ɗan ƙaramin jirgi maras matuƙi. Daga baya labari ya riƙa zuwa daga Mali da Burkina Faso cewa masu ɗauke da makamai su ma sun koyi amfani da irin waɗannan jirage. Saboda haka a gari kamar Bawku na ƙasar Ghana, da ke dab da iyakar Burkina Faso da Togo, kuma ya daɗe yana fama da rikicin sarauta da dokar hana fitar dare, ganin yaro da wannan tabarau ya isa ya ɗaga hankalin unguwa. A Yendi da Salaga kuwa an fi sanin jirgin wajen masu ɗaukar bidiyon aure da na bikin Damba. Dattawa na cewa kayan soja ne, a rabu da shi. Samarin da ke harhaɗa nasu da hannu, yawanci masu gyaran waya da rediyo, su kuma ba su da zance sai na wace na'ura ta fi ƙarfi. Maganar samarin ce ta fi damuna, domin ita ke cinye musu kuɗi.

Tsarin da ake kira FPV abu huɗu ne: ƙaramar kyamara a goshin jirgin, na'urar da ke aika hoton ta iska, eriya, sai tabarau ko allon da matuƙi ke kallo a ƙasa. Yawancin na'urorin aika hoton suna aiki a zangon gigahaz 5.8, rimot ɗin tuƙi kuma a 2.4, don kada su shiga hanyar juna. Ana auna ƙarfin na'urar da miliwat: akwai mai 25, mai 200, mai 600, mai 800, har sama da haka. Mai saye yana ganin 800 sai ya ɗauka ta ninka mai 200 nisa sau huɗu. Ba haka lissafin yake ba. Sigina tana bazuwa ne ta ko'ina, shi ya sa kafin nisa ya ninku sau biyu sai ƙarfi ya ninku sau huɗu. Daga 200 zuwa 800 ninki biyu kaɗai ka samu, shi ma a fili fetal inda babu abin da ya tare.

Ka ɗauki mai shela a tsakiyar kasuwar Salaga. In ya ƙara ɗaga murya, za a ji shi a ɗan gaba kaɗan, amma maƙogwaronsa zai dushe, kuma na kusa da shi ba za su ji maganar juna ba. Wanda yake can nesa, in ya juyo ya fuskance shi, ya kafa hannu a bayan kunne, sai ya fi jin shelar ba tare da an ƙara ihu ba. Eriyar da ke jikin tabarau ita ce kunnen. Eriya mai faɗi wadda ke fuskantar gefe guda tana iya ba ka nisan da na'ura mai tsada ba za ta ba ka ba, kuma ba ta shan batir. Dushewar maƙogwaron ma gaskiya ce: na'ura mai miliwat 800 tana yin zafi sosai, iskar tashi ce ke sanyaya ta. Ka bar ta a kunne a ƙasa cikin zafin Maris da Afrilu na Bawku ko Yendi, lokacin da ma'auni ke kai digiri 40, za ka iya ƙona ta kafin farfela ta juya. In kuma aka kunna ta babu eriya a jiki, ƙarfin da ya rasa mafita yana komawa ciki ya lalata ta. Masu tseren irin waɗannan jirage a duniya da miliwat 25 suke tashi, domin mutum da yawa su tashi tare ba wanda ya rufe hoton wani.

Akwai wani abu game da eriya da ya shafe mu musamman. Garuruwanmu rufin kwano ne, kwano kuma yana mayar da sigina, sai hoto ya iso tabarau ta hanya biyu ya rikice. Maganinsa eriyar da ke murɗa sigina, wadda ake rubuta wa RHCP in ta dama ce, LHCP in ta hagu. Siginar da ta bugi kwano ta dawo murɗinta yana juyawa, sai eriyar ta ƙi karɓarta. Sharaɗin shi ne ta jirgi da ta tabarau su zama iri ɗaya. Ka haɗa ta dama da ta hagu, ka zubar da mafi yawan siginarka, sannan ka zauna kana zargin na'ura. A duba bakin ɗauri kuma, domin SMA da RP-SMA suna ɗauruwa da juna lafiya lau alhali tsinken tsakiya bai taɓa komai ba. Ganye ma yana shanye siginar 5.8. Jirgin da ya zagaya bayan kukar gari ko jerin mangwaro zai iya ɓace maka ko da miliwat ɗinka na da yawa.

Sai zancen jinkirin hoto, wanda mai neman araha ke rainawa. Wasu suna cewa me zai sa a sayi tabarau alhali kyamarar wayfai tana iya turo hoto cikin waya. Jirgin da ke gudun kilomita 72 a awa yana cin mita 20 a daƙiƙa guda. In hoton ya makara da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne ga irin waccan kyamara, to abin da kake gani jirgin ya riga ya wuce shi da mita 4. Tsohon tsarin analog jinkirinsa ƙalilan ne ƙwarai, kuma in sigina ta fara rauni hoton yana yin yayyafi a hankali, ya ba ka damar juyowa. Tsarin dijital, wanda kamfanin DJI ya yaɗa tun 2019 kafin HDZero da Walksnail su biyo, hotonsa tangaram yake, amma yana da tsada, kuma kayan wannan kamfani ba sa aiki da na wancan. Ga wanda yake tara sidi daga gyaran waya, kuma ya san jirgin farko sai ya faɗi, analog da tabarau mai siffar akwati sun wadatar.

Dattawa kuma da gaskiyarsu ta wani gefen. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙi, kuma wanda ka ƙera a ɗakinka ma jirgi ne. Ƙa'idarta ta hana wuce ƙafa 400 a sama, wato kusan mita 120, ta hana kusantar filin jirgi irin na Tamale ba izini, ta kuma ce jirgin ya kasance inda ido ke ganinsa. Wanda ya rufe ido da tabarau ba ya ganin yaron da ya rugo cikin fili, don haka kada ya tashi sai da mutum a gefensa yana duba sama. Zangon rediyo kuma a hannun hukumar sadarwa ta NCA yake. Tashoshi takwas da masu tsere ke amfani da su sun kama daga megahaz 5658 zuwa 5917, alhali yankin da duniya ta ware wa irin waɗannan ƙananan na'urori daga 5725 ne zuwa 5875. Ke nan wasu tashoshin da ke cikin na'urarka sun fita daga wannan yanki.

Laifin hukuma a nan shi ne doka ta tsaya a takarda da Turanci. Mutanen arewacin Ghana ba baƙin jirgi maras matuƙi ba ne, tunda kamfanin Zipline, da ya fara aiki a Ghana a Afrilun 2019, ya buɗe cibiya a Vobsi kusa da Walewale don kai jini da magani asibitocin karkara da jirage marasa matuƙi. Abin da ya rage shi ne a yi wa jama'a bayanin rajista a gidajen rediyo da Hausa da Dagbanci da Gwanjanci da Kusasanci, yadda yaro mai basira zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Samarin Salaga da Yendi, ku fara da miliwat 25 zuwa 200, ku sa kuɗinku a eriya, ku yi rajista, ku nemi izini kafin ku tashi kusa da fadar Gbewaa ta Yendi ko kan taron jama'a. Na Bawku kuwa, ku ajiye jirgin a gida har gari ya lafa.