Yadda Ake Kafa Na'urar Naɗar Hoton Kyamarorin Tsaro da Kula da Ita

ABUJA: A manyan wuraren ciniki na Babban Birnin Tarayya, kamar kasuwannin Wuse da Utako da Garki, da shagunan Banex, da kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, kafa kyamarorin tsaro ya zama ruwan dare a tsakanin 'yan kasuwa. To amma sau da yawa sai ranar da aka yi sata, ko aka sami saɓani a kan kuɗin ciniki, sannan mai shago yake gane cewa kyamarorin da ya kashe wa kuɗi ba su ajiye masa komai ba.

Dalili kuwa shi ne kyamara gani kawai take yi. Ajiye hoton aikin wata na'ura ce dabam, wato na'urar naɗar hoto, wadda masu sana'ar ke kira DVR. Ita ce ke karɓar hoto daga dukkan kyamarori, ta rubuta masa rana da lokaci, ta adana shi a faifan ajiya. Idan ta mutu, ko faifanta ya lalace, ko agogonta ya kauce, to kyamarorin da ke jikin bango ba su wuce ado ba.

Darasin kwangilar shekarar 2010

Birnin Abuja kansa yana da misali a kan wannan batu. A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar Dalar Amurka miliyan 470 domin kafa tsarin sadarwa na tsaro, wanda ya haɗa da kyamarori kimanin 2,000 masu aiki da hasken rana a Abuja da Ikko. Daga cikin kuɗin, Dala miliyan 399.5 rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin.

An kafa turaku da kyamarori a manyan tituna, amma cikin 'yan shekaru sai aka wayi gari da yawa daga cikinsu ba sa aiki, wasu kuma an sace musu batura da allunan sola. Lokacin da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, inda mutane fiye da 70 suka rasu, da kuma wanda ya tashi a shagunan Emab da ke Wuse II ranar 25 ga Yuni na wannan shekarar, jama'a sun yi ta tambayar inda hotunan kyamarorin suke. Majalisar Wakilai ta binciki kwangilar a 2016, sannan a watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati da ta yi bayanin yadda aka kashe rancen, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan shi ne, sayen kaya da kafa su shi ne ɓangare mai sauƙi na aikin. Mai wuyar shi ne samar musu da wuta kullum, da tsare su, da tabbatar da cewa suna naɗa.

Zaɓen na'ura

A shekarun 1990 bankuna da manyan kantuna sun dogara ne da kaset ɗin bidiyo, wanda sai an riƙa canza shi, kuma hotonsa yakan dusashe idan an yi ta maimaita naɗi a kansa. Na'urar zamani ta kawar da wannan wahala, domin idan faifanta ya cika, ita da kanta take share hoto mafi daɗewa ta ɗora sabo.

Na'urorin iri 2 ne a kasuwa. Akwai DVR, wadda kowace kyamara ke haɗuwa da ita ta wayar da ta yi kama da ta eriyar talabijin, kuma idan wayar ta tagulla ce zalla takan kai hoto nisan mita 200 ko fiye. Akwai kuma NVR, wadda ke aiki da kyamarori masu amfani da wayar kwamfuta. A wannan tsari waya guda ce ke ɗaukar hoto da wuta, amma tsawonta ba ya wuce mita 100 sai an ƙara wata na'ura a tsakani. Ta farko ta fi sauƙin kuɗi kuma ta wadaci shago ko ƙaramin ofis, ta biyu kuwa ta fi dacewa da otal, ko makaranta, ko masana'anta irin waɗanda ke Idu. Akasarin waɗanda ake samu a Nijeriya ƙirar kamfanonin Hikvision da Dahua ne na birnin Hangzhou a ƙasar Sin.

Ana sayar da na'urar ne bisa yawan kafofin da take da su, wato mai kafa 4, ko 8, ko 16, ko 32, kowace kafa kuma kyamara ɗaya take ɗauka. Wanda ke bukatar kyamara 4 a yau, ya fi masa alheri ya sayi mai kafa 8, domin kada ya sake sayen wata na'urar idan kasuwa ta buɗe. Haka kuma wajibi ne a tabbatar cewa na'urar tana iya naɗar cikakken kaifin hoton kyamarorin, domin akwai masu arahar da kan rage kaifin hoto a wajen naɗi, ko da yake a allo ana ganinsa tangaran.

Lissafin faifan ajiya

Akasarin na'urorin ana sayar da su ne ba tare da faifan ajiya a ciki ba, kuma na'urar da ba ta da faifai za ta nuna hoto a allo kamar komai lafiya, alhali ba ta adana ko daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ya kamata mai saye ya ga faifan da idonsa, ya kuma sa a rubuta girmansa da lambarsa a rasit. Faifan da ya dace shi ne wanda aka ƙera domin aikin dare da rana, kamar WD Purple ko Seagate SkyHawk. Tsohon faifan da aka ciro daga kwamfuta yana da araha, amma araha ba ta ado.

Lissafin girman faifai ba shi da wuya. Kyamarar da aka saita ta tana aika hoto megabit 2 a kowace daƙiƙa tana cin wurin ajiya gigabait 21.6 a awa 24. Kyamara 8 ke nan za su ci kimanin gigabait 173 a rana. Bisa wannan, faifai mai terabait 2 zai riƙe hoton kwana 11, mai terabait 4 kuma kwana 23. Wanda ke son hoton wata guda cur sai ya nemi mai terabait 6.

Yawan kwanakin yana da muhimmanci ga ɗan kasuwa, domin ɓarnar da akan yi daga cikin gida, kamar rage kaya daga sito kaɗan-kaɗan, ba a cika gano ta ba sai ranar ƙidayar kaya. Idan ƙidayar ta wata-wata ce, na'ura kuma hoton mako guda take riƙewa, to kafin a farga shaidar ta riga ta goge. Ana iya ƙara kwanakin ta hanyar zaɓen tsarin matse hoto na H.265, wanda kan rage cin wuri kusan da rabi, ko a saita kyamarorin sito su riƙa naɗa sai idan sun ga motsi. Amma kyamarar ƙofa da ta wurin karɓar kuɗi, gara a bar su suna naɗa babu yankewa.

Wurin kafawa

Ɓarawon da ya san abin da yake yi, na'urar naɗi yake fara nema ya tafi da ita. Don haka ba a ajiye ta a kan teburin mai karɓar kuɗi ko kusa da allon da kowa ke gani. Wurin da ya dace shi ne akwatin ƙarfe mai kwaɗo da kafofin shan iska, a ɗakin da ba kowa ke shiga ba. Rufin sili bai dace ba, domin zafin Abuja na watannin Fabrairu zuwa Afrilu yana gajarta ran faifai.

Game da kyamarori kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga su can sama domin su ga fili da yawa, sai a ƙare da hoton hula da ɗankwali maimakon fuska. Tsayin mita 2.5 zuwa 3 ya isa, kuma lalle a keɓe kyamara ɗaya ga ƙofar shiga wadda aikinta kawai ɗaukar fuska. Kada a fuskantar da kyamara ga rana ko fitila mai ƙarfi. Wayoyi kuma a bi da su ta cikin bututu, nesa da manyan wayoyin wuta, domin kada ɓera ya ci su ko wani ya yanke.

Batun wutar lantarki

Mafi yawan giɓin da ake samu a hoto daga ɗaukewar wuta yake zuwa, kuma sata ta fi aukuwa ne da dare, lokacin da an kashe janareto an rufe shago. Abin daɗi shi ne kayan ba su da cin wuta. Na'ura guda da kyamara 8 ba sa wuce wat 70 ko kusa da haka, ko da fitilun ganin dare suna kunne. A wata guda wannan ya kama kimanin yunit 50, wato kusan Naira 11,300 bisa farashin Naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024.

Batir mai bolt 12 da ƙarfin amfiya 100, idan aka ja rabin cajinsa kawai domin ya daɗe, zai riƙe waɗannan kaya awa 7 zuwa 8 ta hanyar inbata. Shagon da ke kwana awa 12 a rufe yana bukatar irinsa guda 2. Sharaɗi shi ne a haɗa na'urar da kyamarorin duka a kan inbatar, domin babu amfani na'ura tana kunne alhali kyamarori sun mutu. Kuma tun da daminar Abuja tana zuwa da tsawa, ya kamata a sa na'urar kariya daga hauhawar wuta, a kuma tabbatar da ingancin wayar da aka binne a ƙasa.

Saiti na farko

Da zarar an kunna na'ura, abu na farko shi ne sanya kalmar sirri mai ƙarfi, kuma mai shago ne da kansa zai sa ta bayan mai haɗawa ya gama aikinsa. Manaja ko mai gadi sai a buɗe masa nasa asusun na kallo kawai, wanda ba zai iya share hoto ko canza saiti da shi ba. Idan ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa a ranar.

Haɗarin sakaci da kalmar sirri ya fito fili a watan Oktoba na 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin naɗi waɗanda aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka katse. Duk na'urar da aka haɗa da intanet domin mai ita ya riƙa kallon shagonsa ta wayar hannu, tana bukatar wannan kariya.

Abu na biyu shi ne tsara sabon faifai daga cikin saitin na'urar, a kuma kunna umarnin ɗora sabon hoto a kan tsoho, in ba haka ba za ta daina naɗa ranar da faifan ya cika. Na uku shi ne daidaita rana da lokaci bisa agogon Nijeriya. Akwai ɗan ƙaramin batir a cikin na'urar da ke riƙe agogo, idan ya mutu sai kwanan wata ya riƙa komawa baya duk lokacin da wuta ta ɗauke.

Shaida a gaban kotu

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga kwamfuta, amma bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, a kuma gabatar da takardar shaida daga wanda ke da alhakin kula da ita. Hoton da ke ɗauke da kwanan watan da ba daidai ba yana buɗe wa lauyan wanda ake tuhuma ƙofar musu. Don haka idan wani abu ya faru, a kwafe hoton nan take a filashi ta hanyar na'urar kanta, a yi kwafi 2, a miƙa wa 'yan sanda ɗaya a adana ɗaya. Ɗaukar allon da wayar hannu yana rage kaifin hoton da kuma ƙimarsa.

Bugu da ƙari, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane nauyin yin hakan bisa halattaccen dalili da kuma tsare su. Ya kamata a liƙa sanarwa a ƙofa cewa akwai kyamara, kada a kafa ta a bayan gida ko ɗakin gwada tufafi, kuma a guji watsa hoton wanda ake zargi a dandalin sada zumunta kafin hukuma ta yi aikinta.

Kulawa ta yau da kullum

Ganin hoto a allo ba ya nuna cewa ana naɗa. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a komo da hoton daren jiya, misalin ƙarfe 2, a kowace kyamara, aƙalla sau ɗaya a mako. A nan ne ake gane faifan da ya mutu, da batirin da ya gaza, da saƙar gizo-gizon da ke rufe hoto idan fitilun dare sun haska ta. A lokacin hunturu, a riƙa goge gilashin kyamarori da busasshen ƙyalle mai laushi, a kuma kakkaɓe ƙurar da ke toshe kafofin iskar na'urar.

Kafin a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa, ya dace mai shago ya sa a kashe wutar AEDC da janareto a gabansa domin ya ga ko naɗi ya ci gaba, sannan ya kwafe hoton minti 5 a filashi da hannunsa, ya buɗe shi a wata kwamfuta. Ya kuma karɓi rasit, da takardar garanti, da zanen inda wayoyi suka bi, ya ajiye su tare da sauran takardun shagonsa.