Sankarar Fata Mai Shigar Burtu

Akwai wani ciwo da yakan shekara uku, ko biyar, ko fiye, a jikin mutum ana yi masa maganin abin da ba shi ba ne. Da fari tabo ne kawai yakan fito, mai ɗan ɓarɓashi da ƙaiƙayi, galibi a wuraren da rana ba ta dukansu, kamar ɗuwawu da cinyoyi. Wani ya ce kirci ne, wani ya ce makero. Alhali kuwa sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, irin wadda likitoci ke kira limfoma, sai dai ita wannan a fata take yada zango maimakon kaluluwa.

Wani likitan Faransa, Jean-Louis Alibert, shi ne ya fara bayyana ta a Faris cikin 1806. Ya ga ƙullutai a jikin majinyacinsa kamar naman kaza, daga nan ciwon ya samo sunansa na maikosis fungoidis. Sunan ma ruɗi ne, domin ciwon ba shi da dangantaka da funfuna, kuma ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. A 1938 Albert Sézary ya bayyana ɗan'uwansa, wanda ke mamaye jiki baki ɗaya, har a iske ƙwayoyin cikin jini.

Ga baƙar fata al'amarin ya fi wuya. Sau da yawa tabon ba ya yin ja, sai dai ya kwashe launi ya yi fari-fari, musamman ga yara da samari. Wannan kuwa ita ce kamannin kyasfi, ita ce kuma kamannin farkon kuturta, wadda sunanta kaɗai ya isa ya raba aure. Likita mai lura yakan shafa auduga a kan tabon: na kuturta ba ya jin taɓi, na limfoma yana ji.

Amma hukunci na madubin likita ne. Ana kashe zafin wurin, a yanko 'yar fata kamar ƙwayar gero ko dawa, a duba ko ƙwayoyin sun hauro saman fata sun yi cincirindo. A farkon ciwo 'yan kaɗan ne, sun saje da na kumburi, saboda haka gwajin farko yakan fito babu kome. Sai an maimaita, daga wurare daban-daban, wani lokaci bayan watanni. Ana kuma rina ƙwayoyin don a san jinsinsu, a bincika ko duk daga uwa ɗaya suka fito.

Babban mai ɓad da sawu shi ne man shafawa mai sitiroyid, irin wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, har wasu na yin bilicin da shi. Yana kwantar da tabon, ya kore ƙwayoyin na ɗan lokaci. Don haka likitoci kan nemi a daina shafa shi mako biyu zuwa huɗu kafin a yanki fata.

Wanda aka gane nasa tun yana tabo tsiraru, yawanci yakan yi tsawon rai kamar kowa, da magani na shafawa ko gashin hasken na'ura. In ya kai ga ƙullutai da gyambo, sai an haɗa da magunguna masu ƙarfi.