Gardama Ta Ƙi Ƙarewa A Mubi Kan Kokawar Telebijin

A majalisun Mubi da gidajen kallo, in an gama hirar ƙwallo, sai a shiga gardamar kokawar Turawa. Dattawa na cewa armashinta ya tafi tun zamanin Mighty Igor da Power Mike, zakaran Nijeriya wanda ya rasu a 2004.

Abin da ya hura wutar gardamar shi ne raguwar 'yan kallo. Shirin Raw na kamfanin WWE ya riƙa samun sama da mutum miliyan 5 kowane mako a Amurka cikin 1999. A 2024 kuwa, galibin makonni bai kai miliyan 2 ba.

Waɗansu sun ɗora laifin a kan marubutan shirin, waɗanda ke tsara wanda zai yi kaye tun kafin a shiga fage. Suka ce labaran sun gundure su. Waɗansu kuma suka ce jama'a ce ta koma kallo a waya, shi ya sa shirin ya ƙaura Netflix a Janairun 2025.

Masu son gargajiya dai sun ce a leƙa gasar kokawa ta Nijar, wadda aka soma a Tawa a 1975. A can babu marubuci, ƙarfi da dabara ke kayarwa.