Ƙarar Tarakta da Lafiyar Kunnen Mai Tuƙa Ta

Mutanen Kafanchan ba baƙin ƙarar ƙarfe ba ne. Tun cikin 1927, lokacin da aka buɗe reshen hanyar jirgin ƙasa daga nan zuwa Jos, garin ya girma ne cikin kukan jirgi da bugun guduma. Amma ƙarar da ta fi damun kunnen ma'aikaci a wannan yanki yanzu tana can cikin gonaki ne, a ƙasashen Jama'a da Kaciya da Kagarko da Jaba da Zangon Kataf, inda ake noman citta da masara da dawa. Motar noma, watau tarakta ko tantan, ta yawaita a ƙasar nan tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980, har aka kafa masana'antar haɗa taraktocin Steyr a Bauchi cikin ƙarshen shekarun 1970. An yi ta koya wa matasa tuƙi da juyen mai da ɗaura garma. Abin da ba a cika koya musu ba shi ne yadda za su fita daga wannan sana'a da jinsu kamar yadda suka shiga da shi.

A kudancin Jihar Kaduna ruwa yakan sauka da wuri, galibi cikin watan Afrilu, kuma manomin citta yana son ya gama shuka kafin Mayu ya ƙare. Taraktocin haya ba su da yawa, masu jira kuwa sun yi yawa, ga shi ana biyan kuɗin aiki ne bisa yawan filin da aka nome. Saboda haka direba yakan hau tun asuba, ba ya sauka sai duhu ya hana shi ganin kunya. Cikin waɗannan 'yan makonni ne kunne yake shan wahalar da ta fi ta sauran shekara duka.

Yadda ƙara take cin kunne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar motsin sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani takan kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da dawa. In an sami hutu sukan miƙe. Shi ya sa direban da ya sauka da yamma kunnensa a toshe, yana jin wani amo kamar kukan gyare, yakan wayi gari ya ji ya warware. Amma in aka maimaita haka yau da gobe, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikin ɗan Adam ba su sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu saiwa ko man ɗigawa da ke mayar da su.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya zafi, ba ya jini. Sautuka masu siriri su ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Mutum yana jin ana magana sarai, sai dai ba ya rarrabe "sata" da "fata", ko "sa" da "sha". A ɗaki shi kaɗai da mai magana ba ya gane akwai abin da ya rasa, amma a kasuwa, ko a coci, ko a masallaci, ko wurin biki, sai zance ya riƙa kuɓuce masa. Iyalinsa ne kan riga shi lura, domin rediyonsa ya fi na kowa ƙara, kuma ya fara zargin mutane da magana cikin hanci. Masu bincike a ƙasashe da dama sun lura cewa kunnen hagu na masu tuƙa tarakta ya fi lalacewa, saboda direba yakan waiwaya ta kafaɗar dama don duba garma, sai ya zamana kunnen hagu ne ke fuskantar inji da salansa.

Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka fi yarda da ita ita ce desibel 85 na tsawon awa 8 a yini. Lissafin wannan ma'auni yana da ruɗi ga wanda bai saba ba: ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka, saboda haka lokacin da kunne zai iya jurewa ya ragu da rabi. A desibel 88 awa 4 ke nan, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 100 kuwa minti 15. Tarakta marar ɗakin direba, irin wadda ta fi yawa a gonakin ƙasar nan, takan kai desibel 90 zuwa 100 a daidai kunnen mai tuƙi in tana jan garma. Wanda ya yi awa 10 a kanta ya ci rabon kwanaki masu yawa cikin yini guda. Wanda ba shi da na'urar awo yana da gwaji mai sauƙi: in sai an ɗaga murya kafin mutumin da ke tsaye nisan hannu ɗaya ya ji, to ƙarar ta kai ta yi ɓarna.

Salansa

Injin dizal mai silinda 4, in yana juyawa sau 2,000 a minti, yana yin fashewa sau 4,000 a cikin minti ɗin nan, watau fiye da sau 60 kowace daƙiƙa. Kowace fashewa tana tunkuɗo hayaƙi mai zafi da ƙarfi. Aikin salansa shi ne ta karɓi wannan hayaƙi, ta bi da shi ta cikin 'yan ɗakuna da bututu mai huji-huji, ya faɗaɗa, ya huce, ya fita a hankali maimakon ya fita da duka. A yawancin taraktoci salansa tana tsaye ne bisa murfin inji, taku kaɗan daga fuskar direba, saboda haka duk wani lahani da ta samu, kunnensa ne farkon mai biya.

Salansa ba ta mutuwa rana ɗaya. Ruwan sama yana shiga ta bakinta in an ajiye mota a fili, kuma damina a wannan yanki doguwa ce, sai tsatsa ta ci ɗakunan ciki. Reshen mangwaro ko na ɗorawa a bakin gona yakan make ta, gindinta ya tsage. Girgiza takan kwance ƙusoshi, gaskit ɗin da ke tsakanin inji da bututun hayaƙi ya ƙone. Alamar yoyo ita ce baƙin toka da ke taruwa kewaye da mahaɗa, da wata ƙara mai kaifi da ba a saba ji ba. Ya kamata a duba waɗannan wurare kafin faɗuwar damina, lokacin da makaniki da mai walda ba su cika da aiki ba, a kuma sa murfi mai buɗe kansa a bakin bututun, ko a kifa masa gwangwani kowane dare.

Akwai wani ra'ayi da ya bazu tsakanin direbobi da wasu kanikawa, wai in aka fasa salansa aka zubar da cikinta, ko aka cire ta aka jona miƙaƙƙen bututu, inji yakan ƙara ƙarfi. Wannan magana tana da 'yar gaskiya a gindinta, domin salansar da toka ta toshe lalle tana shaƙe inji, kuma wanda ya cire ta zai ji mota ta sake. Amma maganin toshewa shi ne a wanke ko a sake sabuwa mai girman da ya dace da injin. Salansa mai lafiya ba ta rage ƙarfin da manomi zai iya gani a kunya. Abin da miƙaƙƙen bututu yake ƙarawa shi ne ruri, kuma kunne yakan ɗauki ruri kamar ƙarfi ne. Bugu da ƙari, bututun da ba shi da komai a ciki yana iya feso tartsatsi, abin da ba a so kusa da busasshiyar ciyawa lokacin hunturu. Haka kuma kada a cusa tsumma ko soson ƙarfe cikin bututu da nufin rage ƙara. Wannan yana toshe hanyar hayaƙi, yana kuma iya kama wuta.

In bakin bututu bai wuce tsayin kan direba ba, a ƙara masa tsawo, a juyar da bakinsa gaba ko gefe. Rumfar kwano da ake yi wa tarakta don rana tana da amfani, sai dai in kwanon ya kwance yana kaɗawa, ko yana mayar da sauti ƙasa bisa kan direba, to a ɗaure shi sosai a sa roba a mahaɗansa. A aiki marar nauyi, kamar jan tirela ko haro a ƙasa mai laushi, a sa babbar giya a rage totur. Ƙara takan ragu, mai ma ya ragu.

Abin toshe kunne

Ko da sabuwar salansa, tarakta buɗaɗɗiya ba ta cika sauka ƙasa da desibel 85 ba, domin fanka da giya da jikin injin duk suna da tasu ƙarar. Dole ke nan a kare kunnen da kansa. Akwai ɗan soso mai laushi da ake murzawa da yatsu masu tsabta har ya zama siriri, a zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama, a tura shi ciki, a riƙe na wajen daƙiƙa 30 har ya kumbura. Akwai kuma mai kama da ƙoƙo biyu da ke rufe kunnuwa gaba ɗaya; ya fi sauƙin sawa, amma yana sa gumi, kuma hula ko rawani ko ƙafar tabarau in ta shiga ƙarƙashinsa ta buɗe wa ƙara ƙofa. Ana samun su a shagunan kayan gini da na kayan kariyar ma'aikata, kuɗin soson kuwa bai taka kara ya karya ba. Auduga ko tsumma ba su tare abin kirki. Wayar sauraron kiɗa da samari ke sawa ta fi zama ba komai muni, don sai an ƙure ta kafin ta danne injin.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a cire. Wanda ya cire abin toshe kunne na awa 1 cikin awa 8, kome kyan abin, kariyar da ya samu a yinin ba za ta wuce desibel 9 ba. Direbobi sukan ce suna so su riƙa jin injinsu don su gane in wani abu ya lalace. Hujjar tana da ma'ana, amma abin toshe kunne ba ya kawar da sauti, rage shi yake yi, kuma bayan 'yan kwanaki kunne yakan saba da sabon amon injin. Wanda jinsa ya riga ya tafi shi ne wanda ba zai ƙara jin ƙwanƙwasar inji ba.

Yaron direba da ke zama bisa murfin taya yana shan ƙara daidai da maigidansa, ban da haɗarin faɗowa. Inda direbobi biyu suke karɓa-karɓa, kowannensu ya rage rabin abin da zai sha. Wannan magana duka ta shafi masu injin niƙa da na casar shinkafa da masu zarton inji.

Hakkin mai tarakta

Gyaran salansa da sayen abin toshe kunne nauyi ne a kan mai mota, ko mutum ɗaya ne, ko ƙungiyar manoma, ko hukuma. Cikin 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana ƙara mai cutarwa, waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA ke lura da su. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ambaci lalacewar ji a dalilin aiki cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, ta hannun hukumar NSITF, ga ma'aikacin da mai aikinsa ya yi masa rajista.

Direban da kunnensa ke amo har gari ya waye, ko wanda ya fara cewa a maimaita masa magana, ya je babban asibitin Kafanchan ko wanda ya fi kusa da shi a duba kunnen, domin wani lokaci dauɗar kunne ce ko ciwo mai magani. In ana bukatar cikakken awon ji, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa cikin 1999. Awon ba ya zafi, ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma an fi samun sahihin sakamako in mutum ya kwana ya wuni bai hau tarakta ba kafin ya je. Ya riƙe takardar sakamakon, ya koma da ita shekara mai zuwa a gwada da sabuwa.