Da a ce kai ne Intel ko AMD, wane furosesa za ka ƙera mana?

Ka taɓa zama kana tace bidiyon da za ka ɗora a TikTok ko YouTube, kwamfutar ta tsaya cak, fanka na ihu kamar injin markaɗe? Kafin ka tsine wa manhajar, duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwarsa a kwamfutar tebur: Intel da AMD. Kusan duk shekara sai sun fito da sabo, amma sau da yawa sai ka ga kamar ba da mu aka yi lissafin ba. To bari mu yi nasu aikin, mu zayyana abin da muke so.

Na farko, mai ƙarfi amma mara cin wuta. Core i9-14900K na Intel yana iya jan wat 253 shi kaɗai idan aiki ya yi nauyi. Ka ɗora masa katin hoto da allo, ka ga inbata ɗinka ta fara kuka. Duk wutar da furosesa ya ja kuma zafi take komawa, ga watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40. Da zarar ya yi zafi da yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace. Ka biya kuɗin doki, ka hau jaki kenan. Mu a ba mu wanda zai tsaya a wat 45 zuwa 65, sola ta ɗauke shi cikin kwanciyar hankali.

Na biyu, X3D na talaka. A 2022 AMD ta fitar da Ryzen 7 5800X3D, ta ɗora masa ƙarin ma'ajiya a saman ƙwaƙwalwar, jimilla megabait 96. Amfaninta kamar mai shayi ne da ya ajiye sukari da madara a gabansa, ba sai ya riƙa zarya zuwa shago ba. Shi ya sa 'yan gem suka rikice a kansa. Da aka yi ƙaninsa mai sauƙin kuɗi, 5600X3D, a 2023, sai aka ce a shagunan Micro Center na Amurka kawai za a sayar. Haba! A yi irinsa, a sake shi ko'ina tun ranar farko.

Na uku, wanda zai raba ka da sayen katin hoto. Ryzen 7 8700G na 2024 ya zo da nasa sashen hoto a ciki, yana buga gem daidai gwargwado. Matsalarsa ita ce da shi da sashen hoton RAM ɗaya suke ci, hanyar kuwa ta yi musu kaɗan. Da za a haɗa sashen hoton da babbar ma'ajiya irin ta X3D, da ɗalibai da yawa sun huta, don kati mai kyau yakan fi furosesan kansa tsada.

Na huɗu, gurbin da zai daɗe. AMD ta kawo gurbin AM4 a 2016, kuma har 2024 tana yi masa sabbin furosesa. Intel kuwa ta kawo LGA1700 a 2021, ta koma LGA1851 a 2024. Sauya gurbi yana nufin sabon madabod, wani lokacin har da RAM. A wannan marra ta dala, wa ke da wannan ƙarfin?

Kafin su ji kokenmu, ga abin da za ka riƙe in za ka shiga kasuwa. Furosesan Intel mai harafin F a ƙarshe ba shi da sashen hoto, dole sai da kati. Mai K yana karɓar ƙarin gudu, amma sai ka tanadi abin sanyaya shi. Ka tambayi sunan gurbi kafin ka biya. Kuma kar wani ya ruɗe ka da "ai i7 ne". Tambaye shi, na wane zubi? Core i3 na zubi na 12 ya fi i7 na zubi na 4 gudu nesa ba kusa ba.

Kai fa, wanne za ka fara ƙerawa a cikin huɗun nan? Ni dai na sola nake jira.