Allurar zomo: sau nawa a shekara, kuma ta wace cuta?

A hutun damina da ya wuce na je gida Zango, na tarar da ɗan ƙanwata zaune a gindin kejinsa ya zuba tagumi. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai da ya fara kiwon zomaye da kuɗin ƙwadago, da niyyar ya biya wa kansa kuɗin jarrabawa. Daga uwa biyu da namiji ɗaya suka kai ashirin da uku. Cikin kwana biyar ya binne goma sha tara. Bayan mun gaisa ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, duba nan. Wani ya ce duk wata shida ake yi wa zomo allura, wani ya ce sau ɗaya a shekara. Ni kuwa na yi musu sau biyu cikin wata guda, amma suka mutu."

Ni ba likitan dabbobi ba ne, malamin jami'a ne da ya taso cikin awaki da kaji kamar kowane ɗan karkarar Daura. Amma tambayar ta hana ni sukuni har na zauna na bi diddiginta, domin na lura ba shi kaɗai ba ne. Samari da matan aure da dama sun rungumi kiwon zomo saboda ba ya cin wuri, harawa da dusa da ganyen dankali sun ishe shi, kuma cikinsa wata ɗaya ne kacal.

Rubutun da yaron ya karanta yana magana ne a kan wata cuta mai suna miksomatosis. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, sauro da ƙuma ke yaɗa ta. Fatar idon zomo da leɓɓansa da gindin kunnuwansa da al'aurarsa sukan kumbura, ya makance, ya daina cin abinci, yawanci ya mutu cikin mako biyu. Wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Sanarelli, shi ya fara bayyana ta a ƙasar Yurugwai a 1896. Abin mamaki shi ne ɗan Adam da kansa ya yi mata jagora zuwa sauran duniya. A Ostireliya, zomaye 24 da aka saki a 1859 don farauta sun hayayyafa har suka zama annoba ga gonaki da makiyaya, sai gwamnati ta saki cutar da gangan a 1950. An ƙiyasta cewa cikin shekara biyu yawansu ya faɗo daga kimanin miliyan 600 zuwa miliyan 100. A 1952 wani likita a Faransa, Paul Armand-Delille, ya sa wa zomaye biyu cutar don ya rabu da masu ɓarna a gandunsa. Ba ta tsaya a gandun ba. A 1953 ta ƙetara Ingila, inda ta kusa shafe zomayen daji baki ɗaya. Har yau Ostireliya ba ta yarda a yi wa zomon gida rigakafin wannan cuta ba, don gudun kada kariyar ta tsallaka zuwa na daji.

Saɓanin wata shida da shekara guda kuwa yana da asali. Tsohuwar allurar da aka daɗe ana yi a Ingila an haɗa ta ne daga wata ƙwayar cuta 'yar uwar miksomatosis, kariyarta ba ta da nisa, don haka ake maimaita ta duk wata shida inda haɗari ya yi yawa. Daga 2012 aka sami sabuwa mai suna Nobivac Myxo-RHD, daga baya aka inganta ta. Ita ana fara ta daga mako biyar da haihuwa, kariya ta kankama bayan mako uku, a maimaita sau ɗaya a shekara. Ashe duka marubutan biyu gaskiya suka faɗa, kowanne a kan allurar da ya sani. Tazarar rigakafi tana rubuce a jikin takardar da ke tare da kwalba, kuma takan bambanta daga wannan allura zuwa waccan.

To amma duk wannan magana ce ta Bature da zomonsa na falo, wanda ya raɗa wa suna kuma yake kai shi asibiti a mota. Da na tambayi yaron yadda nasa suka mutu, babu kumburin ido ko ɗaya. Da dare lafiya ƙalau, da asuba gawa, wasu da ɗan jini a hanci. Ya kuma tuna cewa kwana uku kafin nan ya sayo wata ƙatuwar uwa a kasuwa ya jefa ta cikin sauran. Ba a gwada gawa ko ɗaya ba, saboda haka ba zan yanke hukunci ba, amma wani abokin aikina likitan dabbobi da na kwatanta wa ya ce alamun sun fi kama da cutar zubar jini ta zomaye, wadda suke taƙaitawa da RHD. An fara ganinta a Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 ta yi wa masu kiwo ɓarna a Nijeriya, musamman a Kwara da Oyo, har Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta tabbatar da ita. Ƙwayarta na da taurin rai: takan yi watanni a keji, ta bi takalmi, ta bi riga, ta bi ciyawar da aka yanko. Ba ta da magani, rigakafi ne kawai.

Sai batun "allurar" da ya yi sau biyu. Ya kawo mini kwalbar, na karanta. Maganin kashe bakteriya ne, irin ruwan ɗorawan nan da ake yi wa awaki, wanda wani mai sayar da magani a kasuwa ya ba shi da sunan rigakafi. Nan ne gizo ke saƙar. A bakinmu kalmar allura ta haɗiye abu biyu da ba su da dangantaka: wanda ake yi wa mara lafiya don ya warke, da wanda ake yi wa mai lafiya don jikinsa ya koyi yaƙar cutar kafin ta zo. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos ko za a juye kwalbar duka. Wasu ma, irin su amoksisilin idan aka ba zomo ta baki, suna iya lalata masa hanji su kashe shi. Rigakafin gaskiya kuma yana buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har jikin dabba. Kwalbar da ta yini a kan tebur cikin ranar Zango ta watan Afrilu, ko sunan wa ke jikinta, ta tashi daga aiki.

Ban ga laifin yaron ba, kuma ban ɗauki mutanenmu a matsayin masu ƙin rigakafi ba. Kakanninmu sun kai shanunsu allurar bushiya lokacin gangamin da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, kuma a 2011 aka shelanta cewa cutar ta ƙare a duniya. Abin da ya faru shi ne tsarinmu na lafiyar dabbobi an gina shi a kan saniya, sannan tunkiya da akuya, kaza ta samu ɗan gefe. Zomo bai shiga lissafi ba, alhali shi ne jarin wanda ba shi da kuɗin akuya. Yankinmu kuma bakin iyaka ne, dabba na shiga tana fita tsakaninmu da Nijar, kasuwar Mai'aduwa na nan kusa. Abin da nake roƙon sashen kula da dabbobi na jihar Katsina da ƙananan hukumomin masarautar Daura biyar bai fi ƙarfinsu ba: a san masu kiwon zomo, a riƙa ɗaukar samfurin gawa ana aikawa gwaji idan mace-mace suka auku, a kuma nemo rigakafin zubar jini a adana shi inda akwai firji mai aiki da hasken rana. Kwalba mai allurai da yawa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, amma masu kiwo goma za su iya haɗa kuɗi su sa rana guda.

Kafin na koma bakin aiki mun ƙona tsohuwar shimfiɗar kejin, mun wanke shi da ruwan bilic, mun bar shi a rana. Huɗun da suka tsira mun raba su. Na sa shi ya yi alkawari uku: duk sabon zomo zai zauna shi kaɗai aƙalla mako biyu nesa da sauran, abokansa masu kiwo za su tsaya daga bakin zaure, kuma da damina zai lulluɓe kejin da tsohon gidan sauro. Na ƙara masa da cewa idan ya ga ɓawon fata a kunne ko hanci kada ya firgita, yawanci ƙazuwa ce, kuma likita na da maganinta.

Kuɗin jarrabawar ni na biya. Makon jiya ya bugo mini waya cewa ɗaya daga cikin iyayen ta haifi bakwai, yana tambaya ko na samo masa inda ake sayar da rigakafin. Na ce masa ina kan cigiya a Kano da Zariya.